Ɗanyar Waƙa a Wayoyin Bauchi

Wata ranar Laraba na shiga keke daga Wunti zan je Yelwa. Wani saurayi da ke gefena ya kunna waƙa a wayarsa. Muryar na san ta, duk Arewa an san ta. Waƙar kuwa ban taɓa jin ta ba. Kiɗan bai cika ba. Babu amshi. A tsakiyar baiti na biyu mawaƙin ya yi tari, ya ce a maido shi baya. Daga nesa aka ji wani yana cewa a sake. Saurayin ya dube ni, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malam, wannan ko a Kano ba kowa ke da ita ba. Ba ta fito ba." Na ce wa ya ba ka? Ya ce a zauren WhatsApp aka turo. Mai keken bai ko waiwayo ba ya yanke hukunci: "Ai wannan ya ƙare. Muryar ta mutu." Kafin mu isa Yelwa saurayin ya tura wa mutum uku.

Ba na so kowa ya firgita. Gobara ba ta tashi ba tukuna. Amma hayaƙi ya fara fita, kuma mu muke hura shi da yatsunmu. Ina magana da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ina magana da na Gwallameji da na Tatari Ali. Ina magana da masu cajin waya da masu tura waƙa a Wunti da Muda Lawal, da masu riƙe da zauruka, da amare masu shirin biki, da iyayen da ba su san abin da ke cikin wayar 'ya'yansu ba. Kowa a cikinmu zai iya wayar gari da irin wannan waƙa a wayarsa. Abin da zai yi a minti ɗayan farko shi ne maganar.

Ku fara sanin yadda take fitowa. Waƙa ba ta da ƙafa. Mawaƙi ya tura wa amininsa ya saurara masa, aminin ya tura wa budurwarsa. Yaron sutudiyo ya soka filashi a kwamfuta bayan maigida ya fita salla. An kai waya gyara, mai gyara ya leƙa. An yi rigima a kan cikon kuɗi, wanda ransa ya ɓaci ya saki aikin don ramuwa. An sace WhatsApp ɗin mai kiɗa. Duk cikin hanyoyin nan babu ɗaya da ta bi ta hannun mai waƙa da yardarsa. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai tsoron Allah.

Haɗari na farko yana bakinmu. Muna yanke wa aiki hukunci bai ƙare ba. Wanda bai taɓa shiga sutudiyo ba bai san me ya ji ba. Mai kiɗa yakan fara da ƙashin kiɗa a fiyano. Mawaƙi ya hau a gurguje don ya gwada kari. Sau da yawa kalmomin ma ba na ainihi ba ne, cike gurbi ne kafin baitin gaske ya zo. Wani lokaci da mura ya shiga. Wani lokaci ƙarfe biyun dare ne, bayan ya dawo daga wasa. Daga baya ne za a sake ɗora murya, a kira 'yar amshi, a tace, a haɗa, a daidaita sauti. Abin da ya zo wayarka ƙullu ne, ba masa ba. Mu Bauchi mun san masa. Ba wanda zai ɗanɗana ƙullu a roba ya fita unguwa yana cewa mai masar ta manta hannu. Amma haka muke yi wa mawaƙa kullum. Wani ya ce muryar ta tafi. Wani ya ce basira ta ƙare. Wani ya ce satar kari ya yi. Maganar ta zaga gari, ta manne wa mutum. Ranar da cikakkiyar waƙar ta fito, kunnuwa sun riga sun toshe.

Kada ku ɗauka irin wannan rauni ƙarami ne. A Landan akwai wani mawaƙi mai suna Jai Paul. A 2013 aka ɗora ayyukansa da bai gama ba a intanet, ba da saninsa ba. Jama'a suka yi ta yabo, wasu ma suka sa su cikin fitattun waƙoƙin shekarar. Yabon bai warkar da shi ba. Ya janye jikinsa, bai sake fitar da waƙa tasa ba sai 2019. Shekara shida. Wanda aka yaba ke nan. Ku auna wanda aka zaga.

Haɗari na biyu abincin mutane ne. Waƙa ɗaya ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai mai kiɗa. Akwai mai amshi. Akwai mai haɗa sauti, da mai ɗaukar bidiyo, da kuɗin man janareta, da hayar shago. Duk suna jiran ranar fita. Kuɗin waƙa a yau yana cikin kwanakinta na farko a YouTube da Audiomack da Boomplay, lokacin da kowa ke ɗokinta. Idan ta riga ta cika wayoyi, ɗokin ya mutu. Idan wani ya riga ya ɗora ta a tasharsa, masu kallo can suka tafi. Idan kuma don fim aka yi ta, furodusa sabuwa ya saya, ba wadda 'yan acaɓa suka haddace ba. Zai ce a maido masa kuɗinsa, kuma yana da gaskiya. Mun ga wannan hanya a da. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta taɓa zama cibiyar kaset da faifan fina-finan Hausa, diloli daga ko'ina suna zuwa sari. Satar fasaha da turi a memori suna cikin abin da ya karya ta. Mutane da yawa sun bar sana'ar. Ba su bar ta da daɗi ba.

Haɗari na uku ya fi damuna, don yana faɗa wa waɗanda ba su da bakin kare kansu. Ɗanyen ɗauka ba waƙa kaɗai yake ɗauke da ita ba. Makirfo a buɗe yake. Yana ɗaukar hira da raha. Yana ɗaukar sunan da aka kira. Yana ɗaukar dariyar yarinyar da ta zo amshi. Wata a gidansu an yarda ta yi, bisa sharaɗin kada a san ita ce. Wata an kawo kuɗin aurenta. Wata ta yi aure ta bar harkar shekara uku da suka wuce, tana ɗakinta da goyo. Sai ga muryarta da sunanta a TikTok, an yanko daƙiƙa goma sha biyar, an ɗora hotonta, masu sharhi sun taru. Mawaƙi namiji zai iya fitowa ya yi bayani. Ita wa zai saurara? Duk wanda ya kai shekara talatin da biyar ya tuna 2007. Bidiyo ɗaya na sirri ya fita daga waya ɗaya, ya bi Bluetooth ya cika ƙasa. Rayuwar mace ɗaya, 'yar fim, ta dagule. Gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, ɗaruruwan mutane suka zauna babu aiki. A lokacin sai an kusanto da waya kusa da waya. Yau taɓawa ɗaya ce, zaure ɗaya kuma yana iya ɗaukar mutum sama da dubu.

Akwai kuma waƙar biki. Wannan ta shafi kusan kowane gida a garin nan. Ango ya biya a yi musu waƙa. An sa sunan amarya, da na mahaifinta, da na unguwarsu, da na ƙawaye. Ana ajiye ta sai ranar kamu ko ranar dina. Aure kuwa nufin Allah ne. Wani ana saura mako biyu yake fasuwa. Waƙar tana nan a kwamfutar sutudiyo. Idan ta fita, yarinya za ta riƙa jin sunanta haɗe da na wanda bai aure ta ba, a shagon aski, a cikin keke, a bakin yara. Wanda zai zo neman aurenta gobe shi ma zai ji. Wanda ya tura ya ce daɗin karin ne ya burge shi. Ita kuwa fita ƙofar gida ta gagare ta.

Haɗari na gaba hukuma ce. Yawancin manyan mawaƙan da muke ji a Bauchi a Kano suke aiki ko can kasuwarsu take. Kano kuwa tana da Hukumar Tace Fina-finai, kuma hannunta yana kaiwa ga waƙa. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan Bahaushiya. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, sayarwa da yaɗawa har da saurare. A shekarar ce aka gurfanar da Aminu Ala kan waƙar Hasbunallahu. A Satumbar 2019 aka kama Naziru M. Ahmad bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba. Waɗannan shari'u ba satar waƙa ce ta jawo su ba. Amma sun nuna abu ɗaya a fili. Idan waƙa ta shiga gari, mai murya ake nema. Ba a neman yaron da ya soka filashi. Ba a neman ɗalibin da ya tura daga Yelwa. Mawaƙin da ya saurari baitinsa ya ga bai dace ba, ya ajiye, ya yi abin da mai hankali ke yi. Kai da kake cewa masoyinsa ne, kai ne ka ɗauko abin da ya binne ka kai ƙofar kotu.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi, kuma a nan ina roƙon a saurare ni da natsuwa. Zaman lafiyar gari. Baitin gwaji yana iya ɗauke da kalmar da ta zame. Mai bege yana iya furta abin da malaminsa zai gyara masa kafin a saki. Mai waƙar siyasa yana iya yin zambo cikin fushi, washegari ya goge. Mai habaici yana iya kiran suna a gwaji, a cikakkiyar waƙa ya sakaya. Tacewar da mawaƙi ke yi wa kansa ita ce katanga tsakanin zuciyarsa da titi. Mai sakin ɗanyar waƙa katangar nan yake rushewa. Mun ga abin da sauti ɗaya a WhatsApp zai iya jawowa. A farkon 2020 wata waƙar Yahaya Sharif-Aminu ta yaɗu a Kano ta wannan hanya. A watan Maris aka ƙona gidan iyalansu. A watan Agusta kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya babbar kotu ta ce a sake shari'ar, maganar ta yi ta hawa kotuna shekara da shekaru. Hukunci na alƙalai ne. Abin da nake nuna muku shi ne saurin wutar. Kafin hukuma ta ce uffan, gida ya riga ya ci. A Maris na 2023 kuma, bayan zaɓen gwamna a Kano, an kai wa kadarorin Dauda Kahutu Rarara hari. Waƙoƙinsa na siyasa da ya saki da hannunsa ne suka sa aka san inda ya tsaya. To ina ga baitin da mawaƙi da kansa ya ji tsoron saki? Bauchi gari ne na Musulmi da Kirista. Akwai Bahaushe da Bafulatani, akwai Bageri da Bajari da Basayi. Mawaƙan jihar nan irin su ClassiQ da B.O.C Madaki sun tara masoya daga kowane ɓangare da harshen Hausa ɗaya. Garin nan ya taɓa ganin dokar hana fita, ya taɓa binne 'ya'yansa. Dattawan Yelwa ba sa bukatar a tuna musu. Magana zarar bunu ce, sautin da ya shiga waya dubu kuwa ya fi bunu wuyar mayarwa.

A kan wannan sai ga sabon bala'i. Muryar da ka ji ba lallai ta mai ita ba ce. Ƙirƙirarriyar basira ta kai inda za a ba kwamfuta tsofaffin waƙoƙin mutum, ta fito da sabuwa da muryarsa. A Afrilun 2023 wata waƙa ta cika intanet da muryoyin Drake da The Weeknd. Miliyoyi suka saurara kafin a sauke ta. Babu ɗayansu da ya rera ta. Tun kafin wannan fasaha ma an sha rikici. A 2010, shekara guda bayan mutuwar Michael Jackson, aka fitar da kundi da sunansa. Wasu daga cikin danginsa da masoyansa suka ce waƙoƙi uku a ciki ba muryarsa ba ce. Aka yi ta ja har kotu. Sai a 2022 aka cire ukun daga manhajojin saurare. Shekara goma sha biyu, ga lauyoyi, ga masana sauti. Mu me muke da shi? Kunne da lasifikar ƙaramar waya. Lakabin "ba ta fito ba" shi ne mafakar maƙaryaci. Idan muryar ta ɗan bambanta, sai a ce ai ɗanyen aiki ne. Idan kalmomin sun yi muni, sai a ce ai shi ya sa ya ɓoye. Duk wanda ya saba karɓar waƙar sata ya riga ya shirya kunnensa ga waƙar ƙarya. Kakar siyasa kuwa ba ta taɓa nisa. Ranar da za a sa wa wani mawaƙi zagin sarki ko malami ko wata ƙabila a baki, waɗannan zaurukan ne za su ɗauka. Ƙaryatawa za ta zo, amma bayan kwana biyu. Kwana biyu sun isa.

Kai ma mai saurare ba ka tsira ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Saƙo zai zo: ga sabuwar waƙar wane da ba ta fito ba, taɓa nan. Ka taɓa. A ce sai ka sauke wata manhaja. Ka sauke. Ta nemi izinin karanta saƙonninka, ka ba ta, don zuciyarka tana kan waƙa. Saƙonnin bankinka ta nan suke shigowa. Wani kuma kiranka zai yi, ya ce za a sa ka a zauren masoya na musamman, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu. Lambobin nan makullin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa, an fitar da kai daga gidanka. Kafin magariba an tura wa yayarka da kawunka saƙo da sunanka, wai kana asibiti, a taimaka da dubu ashirin. Wasu za su tura, don sun yarda da kai. Wani kuma zai ce ka biya dubu ɗaya ta OPay a sa ka a layin masu samun waƙa kafin kowa. Ka biya, ya toshe lambarka.

Doka ma ta canza, da yawa ba su sani ba. A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Tsohuwar dokar ta zamanin kaset ce. Sabuwar ta shigo intanet. Ta ba mai aiki damar neman a sauke abinsa daga inda aka ɗora shi, ta kuma sa yaɗa aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izini ba cikin laifukan da ake hukuntawa. Mai teburin turi da ke karɓar kuɗi ya cika memori, ya san da wannan. Mai tashar YouTube da ke cin kuɗin talla da waƙar da ba tasa ba, ya san da wannan. A Ingila an ɗaure wani matashi, Adrian Kwiatkowski, wata goma sha takwas a Oktoban 2022. Ya yi kutse ya kwashi waƙoƙin da ba a saki ba, har da na Ed Sheeran, ya sayar. An sami waƙoƙi 1,263 na mawaƙa 89 a wurinsa. Shi ma a ɗakinsa yake zaune, yana ganin ba mai ganinsa. Kada rashin kama wani a Wunti jiya ya ruɗe ka. Ranar da wani babban mawaƙi zai ɗauki lauya, ba manya za a fara kamawa ba. Mai ƙaramin tebur ne ke kusa da hannu.

Sai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mawaƙi yakan rasu ya bar ayyuka a kwamfutocin sutudiyo daban-daban. Wasu sun kammala, wasu rabi. Daga ranar da ya cika, waɗannan ba na masoya ba ne. Ba na mai sutudiyo ba ne shi kaɗai. Gado ne. Akwai matarsa a takaba. Akwai 'ya'yansa. Wataƙila waƙoƙin nan su ne kaɗai gonar da ya bar musu. A kwanakin makoki ne aka fi yaɗa su, da hawaye, da addu'a a ƙasan bidiyo. Na yarda hawayen na gaskiya ne. Amma dukiyar maraya ba ta halatta don mai ci yana kuka. Akwai kuma abin da mamacin ya ajiye don ya tuba daga gare shi, ko don ya ga bai kai ba. Ba ya nan balle ya ce a bari.

Idan muka ci gaba a haka, ga abin da zai biyo baya. Manyan mawaƙa za su rufe ƙofa. Za su daina barin yara su zauna a sutudiyo su koya, don kowane yaro ya zama abin zargi. Ta hanyar zama a gefe ana kallo ne ake koyon kiɗa da haɗa sauti a ƙasar nan, babu wata makaranta da ta kai wannan. Iyaye za su ƙara hana 'ya'yansu mata zuwa amshi. Wanda zai fi shan wahala shi ne ƙaramin mawaƙin Bauchi, na Jahun ko Nasarawa ko Bakin Kura, wanda ya tara kuɗin sutudiyo daga ɗinki ko tuƙin keke. Babba yana da waƙa ɗari, in an sace ɗaya zai tashi. Shi ƙaramin guda ɗaya gare shi. In ta fita ɗanya aka yi mata dariya, ba lallai ya sake samun kuɗin ta biyu ba, ba lallai ya sake samun zuciyar ba.

Don haka ga abin yi, kuma yau ne, ba bayan Salla ba. In ta zo maka, kada ka tura. Kada ka yi sharhi a ƙarƙashinta, ko na yabo ne, don sharhi ne ke ɗaga ta sama. Duba tashar mawaƙin ta gaskiya. In ba ta can, bai sake ta ba. Goge ta. Mai riƙe da zaure, cire ta, ka faɗa wa wanda ya turo dalili a gaban kowa. Mai turi, ƙanena, ware irin waɗannan daga kwamfutarka, 'yan kuɗin da za ka samu ba su kai darajar teburinka ba. Mai sutudiyo, sa wa kwamfutarka lambar sirri, ka hana soka filashi, ka goge hirar da makirfo ya ɗauka da zarar an tashi aiki, waƙar bikin da aka fasa kuma ka kira mai ita ka share a gabansa. Mawaƙi, daina tura gwaji ta WhatsApp. Wanda kake so ya ji, kira shi ya zo ya ji a zaune. Biya mai kiɗanka cikonsa kafin ransa ya ɓaci. Cire memori kafin ka kai waya gyara. Kowa ya shiga saitunan WhatsApp ya kunna kulle na biyu, ba ya cin minti biyu. Lambobi shidan nan kuwa, ko wa ya kira, ko da muryar wa, kada a karanta masa.

Saurayin nan na cikin keke ya sauka kafin ni. Na so in ce masa ya goge, nauyin baki ya hana ni, har ya tsallaka titi. Mutum ukun da ya tura wa, kowannensu yana da nasa zauren.